Tsohon dilana ya yi wa sunan yajina rajista, lauyansa ya ce in daina amfani da shi

Uwar Yaji, Kano:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani, musamman lauyoyi, don tun ranar Litinin ban yi barcin kirki ba.

Sana'ata yaji. Na fara a 2016 da tiya ɗaya ta barkono da na auno a 'Yan Kaba, ina dakawa a turmi a tsakar gida, ina ƙullawa a leda, yara na kai wa maƙwabta. Yau alhamdu lillahi ina da injin niƙa biyu, mata bakwai ke aiki tare da ni, uku daga cikinsu zawarawa ne masu marayu. Muna yin yajin ƙuli da na tafarnuwa da na daddawa, muna zubawa a robobi masu jan murfi. Sunan da kayan ke ɗauke da shi laƙabin kakata ne, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini haɗin tun ina 'yar shekara goma sha biyu, har yadda ake soya citta da masoro sama-sama kafin a daka. Ba zan rubuta sunan a nan ba tunda maganar na iya kaiwa kotu. A jikin sitikar akwai zanen turmi da taɓarya, ja a kan ruwan ɗorawa. Ƙanena ne ya zana mini shi da hannunsa lokacin yana makaranta.

A 2018 na yi wa sunan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen sana'o'i, aka ba ni satifiket, na sa a firam na rataye a shago. Tun daga ranar hankalina ya kwanta, na ɗauka suna ya zama nawa, babu mai taɓa shi.

Akwai wani bawan Allah da yake sarin kaya a wurina tun 2019, yana kaiwa Zariya da Kaduna, har Maraɗi. Yakan ɗauki katan talatin, wani lokaci arba'in, in ya sayar ya kawo kuɗi. Bara muka samu saɓani a kan bashin katan sittin da bai biya ba, daga nan ya ɗauke ƙafa. Cikin azumin bana wata tsohuwar kwastomata ta kira ni daga Zariya tana faɗa, wai na lalata yajina, gishiri ya yi yawa, an zuba kala har tana rina tuwo. Na ce ta turo mini hoto. Wallahi da na buɗe hoton nan ban ga bambanci ba, sai da na buɗa shi da yatsu biyu na kusanto da shi ido. Roba irin tawa, jan murfi, turmi da taɓarya, ruwan ɗorawar nan. Harafi ɗaya tak aka canja a tsakiyar sunan, in ka faɗe shi da baki ma ba za ka ji canjin ba. Lambar wayar da ke ƙasa ce kawai ba tawa ba, tasa ce.

Ina cikin tunanin wanda zan tura ya yi masa magana sai ga takarda daga ofishin lauyansa. Sun ce ya yi wa sunan rajistar alamar kasuwanci a Abuja, ni ce mai kwaikwayo, sun ba ni kwana 14 in daina amfani da sunan, in ƙona sitikun da suka rage, in ba haka ba mu haɗu a kotu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don Allah ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Takardar CAC ɗina ba ta da amfani ke nan? Zai iya raba ni da sunan kakata? Kuma in shari'a ce, wace kotu zan dosa?

Barista Mai Unguwar Dosa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, takardar lauya ba hukuncin kotu ba ce, kuma daga abin da kika faɗa ba ke ce a ƙasa ba. Amma lokaci na da muhimmanci a irin wannan, don haka zan yi bayani da ɗan tsawo.

Takardar CAC tana nuna cewa akwai wata sana'a mai wannan suna, kuma ke ce mai ita. Ba ita ke ba mutum ikon hana wani sa suna a jikin kaya ba. Wannan aikin wani ofishi ne daban, ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, kuma dokar da yake aiki da ita ta 1965 ce. A nan ne kusan duk 'yan kasuwarmu ke zamewa, don wanda ya yi musu rajistar CAC ba ya gaya musu cewa da sauran aiki. An raba kaya da ayyuka gida 45, kowane gida da rajistarsa daban. Yaji da kayan ƙamshin miya suna gida na 30. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabunta ta duk shekara 14.

Sashe na 3 na dokar ya ce wanda bai yi rajista ba ba zai iya ƙarar wani a kan keta alamarsa ba. Wannan shi ne ɗacin. Amma sashen bai rufe baki ba sai da ya bar ƙofa: kina iya ƙarar duk wanda ya yi wa kayanki sojan gona, wato ya shirya nasa yadda mai saye zai ɗauka naki ne. Abu uku za ki nuna wa alƙali: cewa mutane sun san kayanki da wannan suna da wannan kama, cewa abin da ya yi na iya ruɗar mai saye, da cewa ya jawo miki asara ko zai jawo. Kiran da matar Zariya ta yi miki zinare ne a hannunki. Ki roƙe ta kada ta jefar da robar, kada ta goge hoton.

Ba sabon abu ba ne a Kano. A 1972 Babbar Kotun Kano ta saurari ƙarar da kamfanin alawar Trebor ya shigar a kan kamfanin Associated Industries mai alawar Minta. Sunayen ko kama ba su yi ba, takardar naɗin alawar ce aka kwaikwaya, kuma kotu ta ce sojan gona ne. Batun harafi ɗaya kuwa, a 1968 Kotun Ƙoli ta duba rikicin wasu magunguna biyu, Castoria da Casorina, ta ce ba ido kaɗai ake tambaya ba, har da kunne. A kasuwarmu da yawan masu saye ba karanta sitika suke yi ba, yaro ake aika da suna a baki, wannan hujja tana da nauyi.

Sannan ga sashe na 7, wanda a ganina shi ne garkuwarki. Ko da mutum ya kammala rajista, ba shi da ikon hana wanda ya riga shi amfani da alamar, muddin amfanin ya ɗore bai yanke ba, kuma ya fara tun kafin shi mai rajistar ya fara amfani da ita ko ya yi mata rajista. Ke tun 2016 kike, shi kuwa a wurinki ya ga sunan. A nan ne takardar CAC ta 2018 za ta yi miki rana, a matsayin shaidar kwanan wata.

Tambaya ɗaya nake so ki amsa mini kafin in ci gaba. Me suka maƙala a bayan takardar lauyan? Ofishin Abuja takarda uku yake bayarwa a lokuta daban-daban: ta shaidar an karɓi buƙata, ta amincewa bayan an duba, sai satifiket a ƙarshe. Ki karanta kanta ki gaya mini wacce ce.

Uwar Yaji, Kano:

Barista Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuri'a. Na sa ɗiyata ta karanta mini sau biyu. Takardar amincewa ce, kwanan watanta bai fi wata huɗu ba. Babu satifiket a ciki. Sunan kawai aka rubuta da lamba 30, ban ga zanen turmin ba.

Barista Mai Unguwar Dosa:

To Hajiya, alhamdu lillahi, ashe tabarmar kunya ce ake naɗewa da hauka. Takardar amincewa ba rajista ba ce. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shekarar 2000 a shari'ar Dyktrade da Omnia, rikicin dutsen goge daɓe mai suna Super Rocket: wanda ke riƙe da takardar amincewa bai zama mai alama ba tukuna, ba zai iya ƙara a kan keta ta ba sai satifiket ya fito.

Bayan amincewa, dole a buga alamar a mujallar ofishin don duk mai ja ya fito. Daga ranar da aka buga, wata 2 ne kacal gare ki ki shigar da ƙin amincewa a rubuce, da dalilanki. Shi kuma yana da wata 1 ya mayar da martani, in bai yi ba a ɗauka ya janye buƙatarsa. Daga nan kowa ya kawo hujjojinsa cikin takardar rantsuwa, magatakardan ofishin ya saurare ku ya yanke. Wanda bai gamsu ba ya tafi Babbar Kotun Tarayya. Mujallar ba ta da tsayayyar ranar fita, wani lokaci a daɗe shiru sai kawai ta fito da ɗaruruwan alamomi, kuma ba wanda zai kira ki ya sanar da ke. Shi ya sa gobe-goben nan ki samu lauyan da ke mu'amala da wannan ofishi ya bincika ko an riga an buga. In wata biyun nan suka wuce miki aka ba shi satifiket, ba a rufe ƙofa ba, sashe na 38 ya ba da damar neman a goge alamar daga rajista, sai dai hanyar ta fi tsawo ta fi cin kuɗi. Kuma satifiket in ya fito, daga ranar da ya shigar da buƙata ake fara ƙirga masa.

Ke ma ki shigar da taki buƙatar yanzu, kada ki jira a gama. Ki yi biyu, ɗaya ta suna, ɗaya ta zanen da launukansa. Dalilina shari'ar Ferodo da Ibeto ta 2004. Ferodo, masu birkin mota, sun yi ƙorafin an kwaikwayi launukan kwalinsu, Kotun Ƙoli ta ce abin da rajistarsu ta kare shi ne kalmar Ferodo, ba adon kwali ba, suka faɗi. Gyaran dokar da aka sa wa hannu a farkon 2023 ya shigar da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka cikin abin da za a iya yi wa rajista, to ki ci moriyarsa. Kalmar "yaji" kanta ba za ta zama taki ke kaɗai ba, ta kowa ce. Laƙabin kakarki ne abin kariya.

Zanen turmin kuma yana da tasa kariyar daban, ta haƙƙin mallakar fasaha, wadda ba ta buƙatar rajista. Amma a dokar 2022 wanda ya zana shi ne mai shi tun farko, wato ƙanenki, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Ku zauna ya rubuta miki ya sa hannu. Na san za ki ce ai ɗan'uwa ne, to alƙali takarda zai tambaya.

Kotu kuwa, Babbar Kotun Tarayya ce, sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta wannan hurumi. Ta Kano tana Gyaɗi-Gyaɗi. An taɓa samun ruɗani bayan wani hukunci na 2003 a kan ko tana iya sauraron wanda bai yi rajista ba, amma hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 ya ce tana iya. Lauyanki na iya roƙon a dakatar da shi daga sayarwa har a gama shari'a, kuma alƙali yakan duba ko mai ƙara ya yi sakaci bayan ya gano abin. Tun azumi kika sani, kada ki ƙara jinkiri.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki amsa takardar nan da kanki, ko a waya ko a WhatsApp, don kalma ɗaya irin "a yi haƙuri" za a iya juya ta. Kada kuma ki buga alamar ® a sitika kafin satifiket ɗinki ya fito, laifi ne a doka. Batun bashin katan sittin ki gaya wa lauyan duka, har abin da ba ya yi miki daɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dattijon Kwari:

'Yata, na karanta labarinki raina ya ɓaci. Shekarata 34 ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Zane zai fito ya karɓu, kafin wata uku ka ga jabunsa ya cika layi, har hatimin bakin zanen an kwaikwaya. Da hannu muke ganewa, in ka murza sai ka ji sitati ne ya riƙe shi, amma matar da ta zo daga ƙauye haɗa lefen ɗanta ina za ta sani?

Duk abin da Barista ya ce ki yi na Abuja, ki yi shi, kada ki tsaya. Amma ina ba ki shawara irin ta uba, ki haɗa da sulhu. Shari'a saɓanin hankali ce, kuma tana cin shekaru. Na san wani maƙwabcin shagona da ya yi gaskiya a kotu bayan ya sayar da filinsa biyu, lokacin da hukunci ya fito zanen da ake rigima a kai ma an daina yayinsa. Wannan yaro yana da ubangida a kasuwa, yana da shugaban layi, yana da limamin unguwa. Ki samu manya biyu ko uku su kira shi, ki aje robarki ki aje tasa a gabansu. Ɗan kasuwa ya fi tsoron a daina ba shi kaya bashi a kan sammaci. In ya amince ya janye, kada a tashi da fatiha kawai, lauya ya rubuta, ya sa hannu, shaidu su sa, a kai takardar janyewar Abuja.

Kuma a tuna masa Allah. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Masu cewa sunan kasuwanci ba dukiya ba ne su sani majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamarsa haƙƙi ne na mai shi, yana da ƙima ta kuɗi, bai halatta a taɓa shi ba.

Maman 'Yan Biyu, Kaduna:

Anti sannu, Allah ya bi miki haƙƙinki. Ni garin kunun gyaɗa nake yi. Ban ga kin ambaci lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba. In ba ki da ita ki fara nema yanzu, don abinci ne a rufaffen mazubi, kuma ita ce sandar farko da zai ɗauko ya buge ki da ita. Cikin takardun da ake nema akwai shaidar alamar kasuwanci, ina zargin ma abin da ya kai shi Abuja ke nan, yana son ya riga ki samun lamba. Sannan haɗinki babu ofishin da zai kare miki shi, sai ke. Ni kaɗai ke auna kayan haɗina a ɗaki, ma'aikata gauraye suke ganinsa.

Ɗan Katsinawan Maraɗi:

Hajiya barka da haƙuri. Na ji kin ce kayanki na shigowa nan Maraɗi, shi ya sa na sa baki. Takardar Abuja iyakarta Jibiya, da kin ƙetaro Ɗan Isa ba ta aiki. Mu Nijar muna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda ke yi mana rajistar alamomin kasuwanci, cibiyarta na Yawunde, an kafa ta bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista guda ta ishe ki Nijar da Cadi da Kamaru da Benin da sauransu, shekara 10 take yi sannan a sabunta. Najeriya ba ta ciki. A wajenmu wanda ya riga aje takarda shi ke da ƙarfi ƙwarai, don haka in mutumin nan ya san hanya zai iya riga ki a nan ma. Tunda ba cikin ƙasashen ƙungiyar kike zaune ba, sai kin bi ta hannun wakilin da ta amince da shi.

Mun ɗanɗana irin wannan a kan albasar Galmi. Wani kamfanin iri na ƙasar waje ya taɓa neman mallake sunanta, sai da manoma da hukuma suka tashi tsaye sannan ya canja suna. Yanzu albasar Galmi da kilishin Nijar duk suna da kariyar da ta ɗaure sunan da ƙasar da ya fito. In kina so zan zaga babbar kasuwa in dubo miki ko robobinsa sun iso, in sayo guda biyu in karɓi rasit.

Uwar Yaji, Kano:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Baba na Kwari, na ji maganarka, yayana ya je wurin shugaban layinsu, an sa ranar Asabar bayan la'asar. Maman 'Yan Biyu, gaskiyarki, ba ni da lambar, na karɓo jerin abin da ake buƙata. Malam na Maraɗi, don Allah a sayo, a ɗauki hoton shagon da aka saya, zan turo kuɗin.

Barista, na samu lauya mace da ta saba da ofishin Abuja. Ta bincika ta ce ba a buga tasa a mujalla ba tukuna, ta sa wanda zai riƙa dubawa, ta kuma shigar da tawa guda biyu jiya. Ita za ta amsa musu takardarsu kafin kwana 14 su cika. Ƙanena ya rubuta takardar zanen, har ya nemo mini ainihin takardar da ya yi shi a kai da jan biro, tana cikin wani tsohon littafinsa na makaranta.

Daren jiya na sauko da akwatin ƙarfen da ke saman durowa na zazzage shi a kan tabarma. Na samu rasit ɗin mai buga sitika na watan Nuwambar 2016, sitika dubu ɗaya, ya rubuta sunan da hannunsa a jiki. Na samu littattafan bashi guda huɗu. A na biyun, shafi bayan shafi, sunan mutumin nan ne da adadin katan da ya ɗauka, sunan yajina a sama, sa hannunsa a ƙasa, tun daga watan Maris na 2019. Lauyar ta ce in yi hoton kowane shafi, in kawo mata littattafan da kaina gobe da ƙarfe goma.